Don Allah a taimaka min: in na ɗaure tirok allo ya ƙi shan kwana, in na sassauta sai rawa

Mubarak, Rijiyar Zaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana huɗu ke nan abin nan yana cina a rai.

Siketbod ɗin da nake hawa, wato allon nan mai tayoyi huɗu, na yayana ne. Da shi ya dawo daga karatu a Turkiyya ƙarshen 2023, da ya samu aiki a Abuja ya ce ba shi da lokacinsa, ya bar min. Abbanmu tun farko bai so ba. Cewa ya yi wasan karya ƙafa ne, kuma ɗan mutunci ba ya yawo a titi a kan katako. Umma ce ta yi ta lallaɓa shi har ya haƙura, amma da sharaɗi biyu: ba ni ba babban titi, kuma duk ranar da na shigo gida da karaya, ranar za a faskara allon a sa a murhu. Na kiyaye. A barandar makarantar firamare ta unguwarmu na koyi turawa da tsayawa, bayan la'asar in yara sun watse, maigadin ma har ya san ni, shi yake buɗe min ƙaramar ƙofa. Daga baya na koma wani layi da aka yi wa sabuwar kwalta a bayanmu, inda mota ba ta cika bi ba.

To ranar Asabar bayan sallar asuba ni da abokina muka ce bari mu gwada gangara ta gaske, muka tafi gadar ƙasa ta Kabuga tun gari bai gama wayewa ba. Farkon gangaren lafiya lau. Ina kaiwa tsakiya sai allon ya fara kaɗawa a ƙarƙashina, hagu dama hagu dama, kamar wutsiyar kifi, kuma yana ƙaruwa. Na yi ƙoƙarin danne shi da ƙafar baya, sai abin ya ninka. Na dira da gudu, taku uku na yi ƙasa ta ɗauke ni. Gwiwar hannuna ta dama ta saɓule, ƙuguna har yanzu ba na iya kwanciya a kansa. A gida riga mai dogon hannu nake sawa a wannan zafin.

Da na dawo na ɗauki sifana na ɗaure babban notin nan na tsakiyar tirok, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi da allo, gaba da baya, har sai da ya ƙi juyawa. Yanzu allon ba ya shan kwana sam, sai na ɗaga gabansa na juya shi. Robar da ke ƙarƙashin notin ta bultso ta gefe, ɗaya ma ta tsage. Yana wani ƙara ƙiiƙii in na jingina, kuma in na tura shi shi kaɗai sai ya riƙa karkata hagu.

Na tara 'yan kuɗi, na yi magana da wani mai sayar da kayan a Legas, ya tambaye ni tirok mai lamba 139 nake so ko 149, na rasa amsa. Don Allah wanne zan saya? Kuma yaya ake saita shi ya tsaya cak a gangara amma ya riƙa shan kwana a lungu?

Usman Dogo

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara sauƙi ƙanina. Amma ba ka faɗi faɗin allonka ba, ba ka faɗi nauyinka ba, ba ka faɗi wane irin tirok ne a jiki yanzu ba. Babu wanda zai iya ce maka 139 ko 149 bai san waɗannan ba.

Sadiq Injiniya

Mubarak, saurare ni da kyau, domin shekara tara ina wannan harka, huɗu daga ciki a Maleshiya.

Kuskurenka na farko ɗaukar sifana. Notin nan da ka ɗaure na kan kimfin ne, wato babbar ƙusar tsakiyar tirok, kuma aikinsa kawai ya riƙe robobin nan guda biyu da ake kira bushin a mazauninsu, ɗaya ta ɓangaren allo, ɗaya ta ɓangaren titi. Bushin ɗin su ne sitiyarinka. In ka jingina hagu, ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi yana danne roba ta gefe ɗaya, ya juya a kan ɗan hancinsa da ke zaune cikin wani ƙaramin kofin roba, allo ya sha kwana. In ka miƙe, robar ta turo shi ya dawo tsakiya. Wannan dawowar ita ce nutsuwar allo. Kai kuma ka matse robar har ta mutu, ba ta da sauran numfashin da za ta turo komai. Bushin da ya tsage ya gama aiki, ko ka sassauta ba zai koma yadda yake ba. Shi ya sa allonka yake karkata hagu.

Ka'idata ita ce: a ɗaure noti har sai kimfin ya yi daidai da bakinsa ko zare ɗaya zuwa biyu ya leƙo, shi ke nan. In a haka ka ji ya yi maka laushi, bushin mai tauri za ka saya, ba ƙarin ɗauri ba. Taurinsu da lamba ake auna shi, mai harafin A a ƙarshe. Na kamfanin Bones alal misali iri uku ne: 81A mai laushi, 91A matsakaici, 96A mai tauri. Wanda ke zuwa a jikin sabon tirok na kamfanin Independent 90A ne.

Maganar lamba kuma mai sauƙi ce. Tsawon aksul, wato sandar ƙarfen da tayoyi ke juyawa a kanta, ya yi daidai da faɗin allo. A Independent, 129 na allo mai inci 7.6 ne, 139 na inci 8, 144 na 8.25, 149 na 8.5. Thunder nasu lissafin daban, 147 ɗinsu shi ne na inci 8, don haka kada ka ji lamba ka tura kuɗi ba ka tambayi kamfani ba. Ni dai Independent nake cewa kowa ya saya. Tun 1978 suke yin abin nan, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi nadama ba.

Rawar da ka yi a gangara kuwa, kaso mafi girma ƙafarka ce. Ka faɗa da bakinka, ƙafar baya ka danna. Nauyi a baya shi ne abincin rawar. Gaba ake jinginawa, a durƙusa, a saki jiki.

Anti Zainab

Ni duk maganar lambobin nan ban san su ba, ɗana ne ke hawa shi ya sa nake cikin zauren. Amma Mubarak, tsakaninka da Allah, gadar Kabuga ba babban titi ba ne? Da asuba ai lokacin manyan motoci ke shigowa daga hanyar Gwarzo. Mahaifinka ya gindaya maka sharaɗi ka taka, yanzu kana ɓoye ciwo a cikin riga. Ciwon da aka rufe a zafin nan ruwa yake yi. Ka je kemis a wanke maka, ƙugun kuma in ya wuce sati ba ka iya kwanciya a kansa ka je a yi hoto. Kuma ko hular kwano kana da ita?

Mubarak, Rijiyar Zaki

Anti na gode, ina wanke shi da ruwan gishiri safe da yamma, ya fara bushewa. Kuma wallahi babu mota ko ɗaya lokacin, abokina yana sama yana duba min hanya. Ba ganganci na yi ba, na lissafa. Hular kwano ban saya ba tukuna, kuɗin ne nake tarawa na tirok.

Yaya Sadiq, na ji bayaninka, amma ni ban yarda ƙafata ce ba. A layinmu ina gudu sosai bai taɓa min haka ba. Na ɗauko tef ɗin ɗinkin Umma na auna, faɗin allon santimita 21 ne a tsakiya. Nauyina kilo 58 da na hau sikeli watan jiya.

Sadiq Injiniya

Santimita 21 inci 8.25 ke nan. To ba 139 ba, ba 149 ba, 144 ne naka. In mai kayan ba shi da shi, 149 zai leƙo kaɗan ta kowane gefe, 139 zai shige ciki kaɗan, duk ana hawa, amma me zai sa ka biya kuɗin webil a kan abin da ba girmanka ba? Da kilo 58 kuwa, 90A ya ishe ka har ya yi yawa.

Gudun da kake yi a layinku da turin ƙafa ba ya kamo ƙafar gudun gangara. Kada ka haɗa su.

Usman Dogo

Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Kullum maganarka a saki tirok a saki tirok. Yaron nan ya faɗi ne saboda allo ya yi masa laushi, kai kuma kana ce masa 90A ya yi yawa. Ni kilo 94 ne, da bushin ɗin da ya zo da allona taya tana cin katako duk kwanar da na sha, sau biyu tana tsayar da ni cak ina wucewa ta gaba. Har yau akwai zanen baƙi a ƙasan allon inda tayar ta riƙa gogawa. Da na sa 96A na ƙara ɗauri rabin zagaye a baya, magana ta ƙare. Mubarak, ka sa mai tauri a tirok na baya, matsakaici a gaba. Baya ne ke fara rawa, in ka kame shi gaba zai riƙa yi maka sitiyari.

Sadiq Injiniya

Dogo, ka fi shi da kilo 36. Abin da ke lanƙwasa a ƙarƙashinka, shi ko tsalle ya yi a kai ba zai motsa ba. In ya sa 96A zai koma inda yake yanzu, ɗaga gaba yana juyawa kamar mai tura baro. Maganar baya ya ɗan fi gaba ɗauri na yarda da ita, kwata zuwa rabin zagaye, amma da bushin iri ɗaya. Je ka kalli shahararren mai hawan allon nan Daewon Song, tirok ɗinsa har kaɗawa yake yi don saki, kuma duniya ta san ƙwarewarsa.

Usman Dogo

Daewon Song gangaren Kabuga yake sauka?

Khalifa, Sabon Gari

Ni abin da zan ce maka kawai ka yi hattara da saye ta intanet. Bara na ga hoto a Instagram, Independent 139 fes, har da tambarin a jiki. Na tura kuɗi har da na mota, na yi kwana tara ina zarya tasha. Da kwalin ya iso na buɗe, tambarin fenti ne aka buga, ƙarfen ba nauyi kamar gwangwani, bushin ɗin kuwa ba roba ba ce, wani farin leda ne mai tauri da ko farce ba ya shiga. Sati uku aksul ya lanƙwashe a kan ɗan dakalin da bai kai tsawon bulo ba. Na kira mutumin ya ce ai ni na yi masa hawan ƙauye, daga nan ya toshe lambata. Kuɗin nan na hidimar ƙasa ne na tara wata uku. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Kuma abin haushi, duk faɗin Kano da kasuwanninta, Kwari, Sabon Gari, Wambai, Singa, babu shago ɗaya da na sani da za ka shiga ka riƙe tirok na gaske a hannunka ka juya shi kafin ka biya. Sai na yara masu hoton katun.

Malam Habu Bakanike, Ƙofar Ruwa

Salamu alaikum. Ni ba na hawa, yarona ne ya sa ni a nan don ina gyara masa. Mubarak ɗana, bushin ai bushin ne, ko na mota ko na allo. Ka kawo min shi gareji, akwai jan bushin na yuritan da muke sa wa ƙananan motoci, sai in yanka maka daidai, in huda shi. Ba sai ka jira Legas ba. Kukan da yake yi kuma ɗigon baƙin mai zai kashe shi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka: notin nan ba na milimita ba ne, na inci ne. Na kimfin 9/16, na taya rabin inci, ƙananan na jikin allo 3/8. Sifana 13 tana kama na taya, amma a na kimfin 14 da ƙyar take shiga, 15 kuma zamewa take yi tana cinye kan noti. Na ga yara da yawa sun mayar da shi kamar ƙwallo. Kuma cikin notin akwai wani zoben roba da ke hana shi kwancewa, in ka sassauta har zaren bai kai zoben ba, wata rana a kan tafiya zai fice.

Sadiq Injiniya

Malam Habu, Allah Ya ƙara girma, bayaninku na noti daidai ne ɗari bisa ɗari. Amma don Allah kada a sa baƙin mai. Yana jan ƙura, ga shi ba ya shiri da roba, a garin nan kuwa sati ɗaya ya isa ya zama taɓo. Kukan daga kofin nan yake fitowa. A cire ƙarfen, a goge, a kankare sabulun wanka ko kyandir a zuba a ciki, a mayar. In kofin ya huje ko ƙarfen yana wasa a cikinsa, a sake shi, don shi ma yana kawo rawa. Bushin na mota kuma ba mu san lambar taurinsa ba, kuma yankan hannu ba zai ba da tsawo daidai ba. In na ƙasa ya gajarta ko ya yi tsawo, kusurwar tirok gaba ɗaya ta canza, hancin ya daina zama daidai a kofinsa.

Malam Habu Bakanike, Ƙofar Ruwa

To Injiniya. Na yarona dai wata bakwai ke nan da na yanka masa, bai dawo min da ƙorafi ba.

Fa'iza

Ni a ganina tambayar ce da gyara. Mubarak yana son allon wasan tsalle ya yi masa aikin allon gangara. Ni dogon allo nake hawa a cikin sabuwar BUK da yamma, tirok ɗinsa irin wanda kimfin ke kallon waje ne, na kamfanin Paris mai faɗin milimita 180, kusurwa digiri 50. Masu sauka gangara da gaske har ƙasa da haka suke nema, kamar Caliber mai digiri 44, saboda duk jinginar da ka yi kwanar da zai sha kaɗan ce, sai ya fi nutsuwa a gudu. Ga tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta fi ta ƙaramin allo nesa ba kusa ba. Ƙaramin allo duk yadda ka saita shi akwai gudun da in ya kai sai ya yi rawa.

Sannan babu wanda ya tambaye shi taya. In mai girman milimita 52 ce mai tauri 99A, a kwaltarmu mai tsakuwa da yashi, ƙaramin dutse ya isa ya fara kaɗa shi. Ni 78A nake sawa, ina bi ta kan tsakuwa ban ma ji ba.

Mubarak, Rijiyar Zaki

Fa'iza, tayar an rubuta 52 a jiki amma ta cinye, ba ta kai haka yanzu. Dogon allo kuma ba na so gaskiya, ni tsalle nake koyo, na fara iya ɗaga shi ya haye bulo ɗaya a kwance. Ba zan bar wannan in koma yawo kawai ba.

Akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da muhimmanci ba. Tirok na gaba ba shi ne na asali ba. Na asalin ya tsage a wuya da azumin bara, sai na samu wani a gwanjo a Ƙofar Wambai, a jikin wani tsohon allo da ya karye, na saya na ɗaura. Ramukan sun hau daidai, kusoshi huɗu duk sun shiga. Na auna yanzu, aksul ɗinsa santimita 19 da ɗan wani abu, na baya 21. Kuma wasa ɗaya, wato ɗan faifan ƙarfen da ke tsakanin noti da bushin, ta ɓata tun lokacin, haka na ɗaure shi. Amma fa wata goma ina hawa a haka ba matsala.

Sadiq Injiniya

Inna lillahi. Mubarak, tun safe muke ta zuba a kan lambar bushin, ashe allonka ƙafa ɗaya doguwa ɗaya gajera ce. Santimita 19 da ɗoriya girman 129 ne, na allo mai inci 7.6. Ka ɗora allon a kan tebur ka durƙusa ka kalle shi ta gefe, na tabbata tsayinsu ma ba ɗaya ba ne, domin akwai tirok mai tsayin milimita 55 kamar Independent na yau da kullum, akwai waɗanda ba su wuce 50 ba. Kowane kamfani kuma da kusurwarsa da inda aksul ɗinsa ke faɗawa. Gabanka yana shan kwana da wani lissafi, bayanka da wani. Rashin wasa kuwa shi ya sa noti ya nutse cikin roba ya tsaga ta. Ramuka sun hau ba hujja ba ce, kusan duk tirok na zamani ramukansu ɗaya ne. Kada ka sake hawa allon nan ko a tsakar gida sai ka sayi guda biyu iri ɗaya.

Mubarak, Rijiyar Zaki

Yaya Sadiq, ɗazu ka ce ƙafata ce, yanzu kuma ka ce tirok ne. Kuma in da shi ne matsalar ai da tuni ya nuna. Ni kuɗin da ke hannuna ba zai sayi guda biyu na asali ba har da kuɗin mota. Abin da na yi niyya shi ne in sayi guda ɗaya mai kyau in sa a baya tunda Yaya Usman ya ce baya ne ke fara rawa, na bayan kuma in dawo da shi gaba.

Usman Dogo

Wannan ba laifi in faɗinsu ya zo ɗaya. Ni ma na taɓa haɗa kamfani biyu na hau wata shida.

Sadiq Injiniya

Laifi ne. Duka biyun ne, ƙafarka da tirok, ɗaya bai kore ɗaya ba. Kuma mai shagon kirki da wuya ya raba maka biyu ya sayar da ɗaya.

Nura Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wannan gardamar da muna da wurin hawa da ba ta taso ba. Me zai kai yaro gadar Kabuga in akwai fili mai siminti mai santsi? Wasan nan ya shiga Olamfik a Tokiyo, an sake yin sa a Faris a 2024, mu nan har yanzu kallon 'yan iska ake mana. Makon jiya ina tafiya a gefen titi wajen Zoo Road wani mai adaidaita ya matso da gangan har madubinsa ya taɓa kafaɗata, fasinjojinsa suna dariya. Na faɗa kwata, allon ya shige ƙarƙashin wata mota da ke fake. Babu wanda ya ce min sannu sai wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Mun sha cewa mu haɗa kuɗi mu zuba siminti ko a fili kaɗan ne, kullum sai a ce sai bayan sallah.

Fa'iza

Nura, wannan maganar a buɗe mata nata zaren. Mubarak, in ka ƙi dogon allo, aƙalla ka sa taya 56 mai laushi, ka sa ɗan faifan roba mai kaurin 1/8 na inci tsakanin allo da tirok don kada taya ta ci katako. Sai dai kusoshinka za su buƙaci ƙarin tsawo. Kuma ka sani zafi yana sa bushin laushi, sanyi yana sa shi tauri. Saitin da ya yi maka daidai da hunturu, a watan Afrilu za ka ji ya saki. Kada ka bar allo a rana ko a but ɗin mota.

Sadiq Injiniya

Taya 56 mai laushi da faifai za su ɗaga shi sama su ƙara masa nauyi, tsallen da yake koyo zai koma baya. 54 ta ishe shi. Mubarak, ga abin da za ka yi, ba sai ka ƙara tambayar kowa ba: 144 guda biyu, ka bar bushin da suka zo da shi, kada ka taɓa noti na sati biyu har robar ta zauna. In ya ɗan karkata a kwanakin farko haka sabo yake yi, ka riƙa jinginawa hagu da dama zai daidaita. Wajen ɗaurawa kimfin biyun su kalli juna, in ka juya su allo zai riƙa tafiya kishiyar inda ka jingina. Bayan sati biyu ka ƙara kwatan zagaye a baya in kana so.

Anti Zainab

Har yanzu ban ji wanda ya ce ya sayi hular kwano kafin ƙarfe ba. Kuma ban ji ya ce zai gaya wa mahaifiyarsa ba.

Mubarak, Rijiyar Zaki

Anti in na gaya wa Umma dole Abba ya ji, kuma ba karaya ba ce, sharaɗin karaya aka ce. Na gode muku duka wallahi. Mai kayan ya amsa min yanzu, ya ce 144 ya ƙare sai wata mai zuwa, 149 ne a ƙasa, kuma ba ya raba biyu. Yana da bushin 91A. Ina tunanin in sayi bushin ɗin kawai da wasa in sa a waɗanda nake da su, in ga yadda zai yi, ragowar kuɗin in ajiye. Ko kuma gobe in biya ta Ƙofar Ruwa wajen Malam Habu tunda shi a kusa yake. Malam, ƙarfe nawa kuke buɗewa? Sannan Yaya Usman, rabin zagayen da ka ce, daga inda noti ya fara kama roba ake ƙirgawa ko daga inda kimfin ya leƙo?

Sadiq Injiniya

Sabon bushin a kan tirok biyu da ba su san juna ba, asarar kuɗi ce. Ka jira wata mai zuwa.

Khalifa, Sabon Gari

Kafin ka tura masa ko sisi ka ce ya ɗauki bidiyon kayan a hannunsa, ya rubuta sunanka a takarda ya ajiye a gefe.

Malam Habu Bakanike, Ƙofar Ruwa

Ƙarfe takwas da rabi muna nan in Allah Ya kai mu. Ka taho da tsohon bushin ɗin ko ya tsage, da shi zan auna.